Tumbin Girkawa a Stratford

"Lafiya ƙalau, sai kunyar da ka ba ni. Wai wannan ne mijin nawa?"

Hajiya Shetu ce ke amsa gaisuwar jikanta Affan a ƙofar wani ɗakin wasan kwaikwayo a Stratford, can ƙasar Turawa. Yanzun nan 'yan ajinsu na jami'a suka gama nuna wasan barkwancin Girkawan dā, ko tumbin bogin da ya ɗaura bai kwance ba.

"Ke tsohuwa, ki gode Allah. Yau 'yan mata layi suka yi mini."

"Layin kallon tumbi? Filona biyu na farke na ɗura a ciki, yanzu a kan hannu nake kwana."

"Wane kwana? Har council, hukumar unguwa, ta san munsharinki."

"Ɗan nema! To me ya sa ka durƙusa kana kukan ƙarya, kana ɗaga 'yar tsana?"

"Haka masu jawabi ke yi a kotun Girkawan dā. Mutum ya yabi alƙalai, ya rantse, ya jawo 'ya'yansa su yi kuka. Sai masu wasa suka kwashe dabarar kaf, suka sa ta a bakin tsoho yana rigima da ɗansa a kan kwanon miya. Kowa ya gane da wa ake."

"Yaushe ke nan?"

"Ya fi shekara dubu biyu."

Hajiya ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Ƙasusuwansu sun zama ƙasa, amma tsiyarsu na nan da ranta? Ni da ba na jin Turanci sai da na riƙe ciki."

"Na gani. Haƙorinki na roba ya kusa sauka a ƙeyar Bature."

"Rufe mini baki." Sai muryarta ta yi ƙasa. "Affan, kai da ko baƙo ɗaya ka gani in'ina ke shaƙe ka. Yau ɗaki cike, harshenka bai sarƙe ba. Na gaya wa matar da ke kusa da ni jikana ne, alhali ba ta tambaye ni ba."

Affan ya sunkuyar da kai.

"Babanka ne ya turo ni," in ji ta. "Wai in shirme ne, ka bar karatun nan ka koma pharmacy."

"Me za ki ce masa?"

"Shirme ne mana! Amma duk wanda ya raba ka da shi, da ni zai yi."

"Kai, ashe kina sona."

Ta tuntsire da dariya, ta zaro ledar dambun nama daga jaka ta dangwara masa.

"Ungo, yau ka kayar da ni. Gobe ka yi mini booking, kujerar gaba."