Ranar da Na Hura Wuta a Ƙauyen Tarihi

Ko zan manta da komai, ba na jin zan manta da wata Alhamis a shekararmu ta shida a Madina. Lokacin muna zaune a unguwar Uhudu. Maigidana yana aiki a ɗakin magani na wani asibiti, ni kuma babban aikina shi ne shara wa maƙwabciyata Ummu Bandar ƙarya.

Ummu Bandar jinin Hausawa ce, amma a nan aka haife ta, 'yar ƙasa ce, Hausarta ma rabi Larabci. Ba ta taɓa taka Najeriya ba, shi ya sa na samu fili. Na ce mata gidanmu a Kano bene ne, ƙasa duk tayil, har da mai dafa mana abinci. (Gaskiyar magana, ƙauye ne can bayan Ɗambatta, ginin ƙasa, mai dafa abincin kuma ni ce tun ina shekara tara.)

Ita ta kawo shawarar mu kai yara wani ƙauyen tarihi da aka gina a bayan gari, don su ga yadda mutanen zamanin da suka yi zama. Ranar ta mata da yara ce. Na ɗauki 'yata Hafsa mai shekara shida da ƙaninta Usama, ita ta ɗauki nata biyu da surukarta Hajiya Mairam, tsohuwar da ta shigo ƙasar daga ƙasar Hausa tun tana yarinya, ta hanyar Sudan. Abin da na sha'afa shi ne, hutun da ya wuce yarana sun yi wata guda a gidan Innata.

Muna shiga na fara aikina. Ɗakunan laka, rufin itacen dabino, rijiya da guga, randa a gindin bango. Na dafe ƙirji na ce, "Subhanallah, yanzu a nan mutane suka rayu? Ni kam ko kwana ɗaya ba zan iya ba."

Sai Hafsa ta saki hannuna ta ruga wajen randar, ta ɗaga murya da Larabcinta mai kyau, wanda nake alfahari da shi a gaban baƙi: "Mama, irin gidan Inna! Har da inda muke ɗiban ruwa!"

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "A talabijin ta gani," na ce, ina matse mata kunne ta ƙarƙashin ɗankwali. Ummu Bandar ta ce, "Yara ke nan, ya ukhti." Na ɗauka na tsira.

Can gaba aka tara mu a wani tsakar gida, inda wata budurwa ma'aikaciya za ta nuna yadda ake gasa gurasa a murhu. Baiwar Allah ta cusa itace ta toshe ko'ina, ta ɗauki kwali tana fifita, hayaƙi ya turnuƙe, yara sai tari. Na kau da kai. Na sake dubawa, sai na ga tana ƙara itace a kan wanda ya ƙi ci. Raina ya ɓaci kamar tuwona ne a kan wutar.

Wallahi ban san lokacin da na ajiye jaka ba. Na tsinci kaina a durƙushe, na zare itace uku, na buɗe wa iska hanya, na tattaro garwashin tsakiya da yatsuna, na kwantar da kai gefe, na hura sau uku. Wuta ta tashi bal. Mata suka hau tafi, Usama yana tsalle yana cewa kullum haka nake yi wa Inna.

Na miƙe da toka a abaya da gumi a fuska. Ummu Bandar kallona kawai take yi, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Hajiya Mairam ce ta matso, ta kama hannuna ta juya shi tana duba yatsun.

"'Yata," ta ce, "a wane hawa na benen naku murhun yake?"

Ba ta jira amsa ba. Ta ce uwarta haka take kwantar da kai in za ta hura wuta, rabonta da gani shekaru masu yawa. Ta share ido da bakin mayafi, ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige.

A mota, muna hanyar gida, Hafsa ta jingina da ni ta tambaye ni a hankali ko gidan Inna abin kunya ne. Wannan tambayar ta fi ta tsohuwar ciwo. Na ce mata a'a, ni uwarta ce dai abin kunya yau.

Washegari na ɗauki hoton Inna a ƙofar ɗakinta na laka, na kai wa Ummu Bandar da kaina. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya ko wannan ce mai dafa abincin. Na haɗiye, don ni na jawo.

Abin da na koya shi ne, wadda za ta yi ƙaryar asali ta fara barin 'ya'yanta a gida. In ta ga wuta na mutuwa kuma, ta rungume hannu ta bar ta ta mutu. Ni ban iya ba.