Ragon Suna da Tumbin Malam Ilu

Mutum uku ne a gidan Malam Ilu, tsohon hedimasta: shi, da matarsa Inna Kulu, da ƙaninsa Jatau, wanda duk abin da aka ce masa haka zai yi, ba ragi ba ƙari. Na huɗunsu rago ne, ana kiwonsa domin sunan jikan fari da ake jiran haihuwarsa.

Wata rana likitan dabbobi ya shafa ragon, ya girgiza kai. "Malam, wannan tumbi ne, ba nama ba. Dabba in tana cikin fargaba, jikinta na sakin wani sinadari. A cikin kitsen ciki kuma akwai abin da ke sake farfaɗo da sinadarin, sai kitse ya yi ta hawa kan kitse. A raba shi da duk abin da ke firgita shi."

Malam ya dubi Jatau. "Ka dai ji ko?"

"Na ji, Yaya."

Wata rana Inna Kulu ta nemi turminta ta rasa. Jatau ya ce ya ga ragon na zabura in ana daka, shi ya sa ya mirgina turmin cikin kududdufi. Malam ya yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga.  Jatau kuwa ragon yake kallo, wanda ya lafe a jikin bango yana makyarkyata.

Wata rana aka wayi gari turke babu rago.

"Na kai shi fadama, lambun Kawu Barau," in ji Jatau. "Yaya, kai ne kake firgita shi."

Malam bai zame ko'ina ba sai ƙofar mai unguwa. "Ni da na koyar da rabin garin nan, yau ni ne dodon rago? A bi mini haƙƙina!"

"Malam, wa ya ba shi umarnin?" in ji mai unguwa.

Malam ya juya ya nufi gida.

Tun daga nan kullum da safe Malam ke takawa fadama da ƙwaryar dusa, ga tumbi a gaba, yana haki. Jatau kan tare shi a bakin shinge: "Yaya, in da sauran faɗa, ƙarasa shi a nan." Da fari yakan ƙarasa ɗin, har da na gobe. Daga baya sai ya lura kafin ya iso faɗan ya zube a hanya. Yakan zauna gindin mangwaro yana sauraren ruwa na bin kwalbati, ragon na cin dusa a gefen ƙafarsa.

Ranar suna mahauci ya feɗe rago: nama ja jawur, kitse ɗan daidai. Malam kuwa ya sa wandon fitarsa, ya yi masa yawa, sai da Inna Kulu ta ƙara jan mazagi.

Jatau ya daɗe yana kallon cikin yayansa.

"Yaya, kai kuma a da wa yake firgita ka?"

Malam ya buɗe baki zai yi faɗa, ya mayar ya rufe. Can ya ce, a hankali, yadda ko rago ba zai zabura ba:

"Je ka ciro wa Kulu turminta."