Shekarar da Kaka Ta Juya

"...ai ni gajiya ta bi lafiya. Kai ne dai na ga ka shigo kamar an koro ka. Lafiya, angon ƙarya?"

"Lafiya lau, tsohuwa. Kewarki ce ta kawo ni."

"Da jakar kwamfuta a hammata? Faɗi abin da ya kawo ka, ramin ƙarya ƙurarre ne."

Jikan ya zauna a bakin gado yana dariyar yaƙe. Ƙaramin malami ne a jami'a, kuma ba za a tabbatar masa da aikinsa ba sai maƙalarsa ta farko ta fito a wata mujallar nazarin kasuwanci. Edita ya karɓi maƙalar, amma ya dawo da jerin manazartan da ke ƙarshenta, ya ce a gyara kafin ƙarfe huɗu na ranar ko a jira baɗi. Ita kuwa Kaka shekara talatin ta yi tana buga wa mujallar wata tsangayar jami'a rubutu da tafireta. Tafiretar na nan kan teburin ɗakinta, an lulluɓe ta da tsohon mayafi.

"Gyara arba'in da ɗaya aka yi mini," in ji shi. "Waƙafi a nan, aya a can, shekara cikin baka biyu, sunan mujalla a karkace. Na gama arba'in. Ɗaya ya gagara."

"Arba'in da ɗaya! A zamaninmu wanda aka yi wa gyara uku ba ya cin abinci ranar. Ba ka ce na'urarka ce ke jera maka su ba?"

"Ita ce."

"To, ta jera maka kunya. Mu da kati muke yi. Kowane littafi da katinsa, a jera su daga A har ƙarshe cikin kwalin takalmi. Sunan mujalla kuwa ba ma karkata shi, layi muke ja masa a ƙasa, harafi bayan harafi, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ka yi kuskure ɗaya, ka sake shafin gaba ɗaya, har da takardar kabon biyu."

"Shi ya sa yatsunki suka zama kamar saiwar bishiya."

"Yatsun nan suka yi wa ubanka tsarki, marar kunya. Shekara talatin ban taɓa kuskuren waƙafi ɗaya ba. Je ka tambaya."

"In tambayi wa? Duk sa'anninki sun riga mu gidan gaskiya. Ke ma mantawa aka yi da ke."

"Sai na ga furfurarka tukuna. Karanto mini ɗayan da ya gagare ka."

Ya buɗe kwamfutar. Wata tsohuwar maƙala ce kan yadda ƙananan 'yan kasuwa ke zaɓar wurin kafa shago, kuma a kanta ya gina rabin aikinsa. Ya rubuta fitowa ta uku, 1987. Edita ya ce fitowa ta huɗu ta mujallar nan a 1979 ta fito, to ta yaya ta uku za ta biyo bayanta da shekara takwas? Ko ya kawo shaida, ko ya cire ta.

"Ka taɓa riƙe mujallar a hannunka?" in ji Kaka.

"Babu ita a ɗakin karatu. Amma mutum tara na gani sun ambace ta, kowa 1987 ya sa."

"Wato ka kwafa daga wanda ya kwafa daga wanda ya kwafa. Tumaki kenan, ta gaba ta faɗa rami, na baya su ce hanya ce. Wannan ai mujallarmu ce, ni na buga ta da hannuna. Jawo akwatin can na ƙarƙashin gado. A hankali, ya girme ka."

"Komai na ɗakin nan ya girme ni. Har ƙurar ma yayata ce."

"Da tsohuwar zuma ake magani. Buɗe."

Warin tsohuwar takarda ya cika ɗakin. Kaka ta sa tabarau, tana ɗaga mujallun ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba jarirai.

"Ofishinmu ɗaki ɗaya ne, taga ɗaya, fanka mai kuka. Ni ina bugawa, kakanka, Allah ya jiƙansa, yana duba gyara da jan biro. Ni in karanta da ƙarfi, har waƙafi da aya sai na faɗa, shi yana bi da yatsa. A lokacin ko gaisuwar kirki ba ya iya yi mini, sai ya ce, 'Malama, shafi na gaba.' Ga ta nan, fitowa ta uku."

Jikan ya karɓa, ya dubi bango, ya buɗe ciki, ya sake duban bango. Sai murmushi ya fara cin fuskarsa.

"Tsohuwa, wa ya buga bangon nan?"

"Ni mana. Wa kake zato?"

"Bango ya ce 1987. Shafin ciki, da ƙasan kowane shafi, sun ce 1978."

"Idonka ne. Kwamfuta ta cinye shi."

"Ga tabaranki a hancinki, duba. Shekara talatin ba kuskuren waƙafi! Ashe ke ba kya ƙananan kurakurai, shekara tara kike haɗiyewa lokaci guda. Ke ce tunkiyar gaban! Laifi tudu ne, Kaka."

"Kai, rufe mini baki. Aikin mai duba gyara ne ya kama. Ni na buga, shi ina idonsa yake?"

Tana fizgar mujallar sai wata 'yar takarda ta faɗo daga ciki, ta yi ruwan ƙasa don tsufa, da rubutun jan biro. Jikan ya riga ta ɗauka, ya karanta a fili: "Malama, na ga kuskuren bango bayan an gama bugawa. Laifina ne. Ranar ba takardar nake kallo ba."

Kaka ta cire tabarau ta goge shi da bakin zane, ta daɗe tana gogewa.

"Wata huɗu bayan wannan aka ɗaura mana aure," in ji ta.

"Wato tsohon nan ya ɓatar da malamai tara, ya kusa cinye mini aiki, don ya ƙwace mini mata tun ba a haife ni ba."

"Da bai kalle ni ba, da wa zai haifi ubanka, balle kai da maƙalarka?" Sai dariya ta ƙwace mata har da tari. "To, na yarda, ka kama ni. Kuskure ɗaya cikin shekara talatin, kuma ga shi zaune a bakin gadona yana yi mini rashin kunya. Rubuta 1978, ka ɗauki hoton shafin ciki ka aika wa editan naka. Ƙarfe nawa?"

"Uku saura."

"Tashi. Mujallar na ba ka, kyauta, ka zama na farko da ya ambace ta bayan ya gan ta da idonsa."

Ya miƙe, ya haɗa da 'yar takardar zai sa a jaka. Kaka ta doke hannunsa, ta karɓe, ta ninke ta cusa a ƙarƙashin mayafin tafireta.

"Wannan ba ta shiga manazarta," in ji ta.