Sandar Jirgin Malam

Ni da matan Ɗanzomo ke zuwa neman shawara wurina, wai ni sanda biyu ta mayar abin dariya.

Da maigidana Malam ya daina kamun kifi a tafkin Cadi, bai dawo da komai ba sai doguwar sandar kwale-kwalensa da tamfol ɗin da iska ke turawa. Ya kafa ta a tsakar gida muna shan inuwa. Ƙaramar sandar da ke gicciye a jikinta, mai riƙe da tamfol ɗin, kuwa sako-sako ya ɗaure ta da igiya, tana lilo tana kuka ƙii-ƙii. Kullum ina mita, yana cewa, "Bar ta ta sha iska."

Bayan rasuwarsa kukan nan ya hana ni sakat, kowane ƙii sai na waiga ko shi ne. Na kira maƙeri ya huda sandunan ya haɗe su da ƙarfe.

Ya ce, "Iya, mai abin nan bai sake ta a banza ba."

Na ce, "Kai ka taɓa ganin ruwan da ya wuce na randa? Buga!"

Ya buga. Na bi gida-gida ina shelar na gyara abin da ya gagari Malam.

Hadarin farko ya taso. Tamfol ya cika da iska, ya nemi juyawa, babu hali. Sanda ta karye gida biyu, tamfol ya tashi ya lulluɓe awakin maƙwabta.

Yanzu gidan shiru, ina kasa kunne ko ƙii ɗaya babu. Da iska ta kaɗa kuwa, sai matan unguwa su leƙo ta katanga: "Sarkin Ruwa, yau ina jirgi ya nufa?"