Kopin Kopin Ramatu

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ko da tsufa ya kai ni ga neman hular da ke bisa kaina (ya kusa). Ranar ce dattawa suka taru a rumfar magaza, wato ɗakin ajiyar ƙungiyarmu ta manoman wake a nan Dogon Dutsi, aka ce za a buɗe cikin ordinatar, wato kwamfuta, ashe cikina za a buɗe.

Bari in gabatar da kaina tukuna, don ku san girman mutumin da ya faɗi. Na yi lekol, wato makarantar boko, shekara huɗu, har ni da malamin muka yarda cewa mun ishi juna. Da wannan ilimin na yi aikin planto shekara talatin a wani biro, wato ofis: in share tebur, in kai takarda, in kawo takarda, in ce wa mutane mai gida ya fita alhali yana ciki yana cin tsire. Da na ajiye aiki, ƙungiya ta naɗa ni sakatare, don ni kaɗai ne a cikinsu ke karanta Faransanci ba tare da na juya takardar ƙasa da bisa ba. Daga baya wasu masu tallafa wa manoma suka ba mu wata tsohuwar ordinatar mai ninkewa, ta zauna gidana saboda ni ke da wuta. Da yatsa ɗaya nake bugawa, amma da natsuwa irin ta manyan ma'aikata.

Matata Ramatu ta rasu damina biyu da suka wuce. Shekara arba'in da shida muka yi, ba ta taɓa kama sunana ba, yadda ya dace. Sai dai ba Malam take ce mini ba kamar matan mutane. Mushe take ce mini. (Da Faransanci girmamawa ce. Da Hausa kun san mene ne mushe. Ita duka biyun take nufi, ya danganta da ranar.)

Muna da jika, Hadiza, matar aure ce mai 'ya'ya biyu, tana da shagon buga takardu kusa da tasha. Wata rana ta ɗauki kakarta a waya tana ɓarar wake a tsakar gida tana zuba labari, ita tsohuwar ba ta san ana ɗaukarta ba. Minti bakwai ne. Bayan sadakar arba'in Hadiza ta zo ta sa mini shi a ordinatar, ta nuna mini inda zan danna, ta tafi. Da ma ta tsaya ta ƙara mini bayani kaɗan, da ba ku karanta wannan ba.

Ga abin da Hadiza ba ta sani ba. A zamaninmu, wanda ya tafi ci-rani kaset ake aika masa maimakon wasiƙa. Kafin mahaifiyata ta rasu ta yi wa yayana kaset yana Abijan, mai kaiwa ya fasa tafiya, kaset ya zauna hannuna. Na saurare shi, na sake sauraro, har muryar ta koma kamar ta mai magana daga cikin rijiya. Wata rana rediyo ya haɗiye zaren, na zaro shi da alƙalami ya fito a tsinke. Tun daga ranar muryar uwata ta ɓace mini. Ko a mafarki na gan ta, baki kawai take motsawa. Sai na riƙe wani ilimi da babu malamin da ya koya mini: duk sauraro yana cin murya kaɗan.

To ni manomi ne, na san iri ba a cinsa. Sai na ajiye bidiyon na asali a gefe, na sa masa suna IRI da manyan baƙaƙe, ban ƙara buɗe shi ba. Kullum bayan la'asar, lokacin da ta saba zama bakin ƙofar ɗaki, sai in yi kopi, in kalli kopin sau ɗaya ko sau biyu, in bar shi ya huta. Washegari in yi sabo. Wani lokaci don tausayin iri, kopin nake kwafa. Na tara su duka a wani dosiye, wato jakar takardu ta cikin na'ura, na rubuta masa RAPOR 2, don na san babu ɗan ƙungiyar da zai buɗe rapor, wato rahoton aiki, da son ransa. Har yaba wa kaina nake yi. Na ce da a ce na gama lekol, da yanzu ni ke gyara waɗannan na'urori.

Haka aka yi wata da watanni. Sai ordinatar ta fara nauyi kamar jakin da ya ga hawa. Akwai wani layi a ƙarƙashin abin da ake ce wa disk C, wato rumbun ajiyarta, layin da shuɗi ne, sai ya koma ja wur. Ranar da na gama rubuta sunayen waɗanda za a raba wa irin shuka, sunaye tamanin da ɗoriya da yatsa ɗaya, na ce ta ajiye, sai ta ce babu wuri.

Na yi abin da mai hankali zai yi idan ɗaki ya cika: na fitar da kaya tsakar gida. Na jawo dosiyoyi na zube su a fuskar allo, inda ake ce wa biro. Layi bai motsa ba. Na goge tsofaffin takardun taro, suka faɗa wani ɗan kwando da ke gefe, na ce na yi shara. Layi yana nan ja, yana kallona. Na kashe ta kwana biyu ko za ta huce. Ba ta huce ba.

A raina na san wane kaya ne mai nauyin. Sau uku ina ɗora kibiya kan ɗaya daga cikin tsofaffin kopin, in danna gogewa, sai na'urar ta tambaye ni da Faransanci mai ladabi wai da gaske nake? Ga fuskar Ramatu nan 'yar ƙarama, da kallabinta mai ruwan ƙasa, hannu cikin ƙwarya. Wa zai ce da gaske yake? Sai in danna a'a.

Perzidan ɗinmu, wato shugaban ƙungiya, Alhaji Dawaki, ya gaji da uzuri, ya ce in kawo na'urar taron Laraba. Malam Sanusi kuma, wani matashin ɗan kasuwa mai gajeren wando da son gaskiya tsirara, ya ce maganinta ɗaya ne, a formate ta, wato a share komai a fara daga fari. Ya faɗe ta a sauƙaƙe kamar mai cewa a zubar da ruwan wanki. Na roƙa a kira Hadiza tukuna, ina zaton jini zai rufa mini asiri.

Ta iso bisa kabu-kabu, ta gaida kowa, ta zauna kan buhun wake, ta ce mini, «Angona, mi ka ba amaryar nan ta ci har ta kasa tashi?» (Wasan jika da kaka ne.) Ta duba ta ce kayan da na zube a biro duk suna cikin disk C ɗin, kamar wanda ya kwashe hatsi daga wannan kusurwar rumbu ya mayar waccan. Sharar da na yi kuma tana nan cikin kwando ban zubar ba. Dattawa suka yi 'yar dariya, na haɗiye. Sai ta jera dosiyoyin daga mai nauyi zuwa maras nauyi, RAPOR 2 ya hau sama shi kaɗai, ya cinye fiye da rabin wurin.

Alhaji Dawaki ya tambaya wane rapor ne wannan, tunda a iya saninsa ko RAPOR 1 ban gama ba. Hadiza ta buɗe. Malam Sanusi ya leƙa ta bisa kafaɗarta daga nesa, ya sanar da jama'a cewa ba takardu ba ne, bidiyo ne, ɗaruruwa, an ɓoye su da sunan aiki. Bai ƙara komai ba, sai a'uzubillahi da ya yi a hankali. Ku kwatanta: tsoho, gwauro, shi kaɗai a gida da na'ura, da bidiyo ɓoyayye. Na ga liman ya sunkuyar da kai. Na ga wani ya matsar da tabarmarsa.

Hadiza ta ɗago ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, don ita ta gane kallabin. Ta ce a hankali, «Kaka, in rufe?»

Da na ce ta rufe, da har in mutu ana nuna ni da baki a masallaci. Na ce, «Buɗe. Ƙara sauti.»

Sai ga muryar Ramatu a rumfar magaza, tsakanin buhunan wake, tana dariyar nan tata mai ƙarewa da tari. Kuma cikin duk labaran duniya, ga wanda take bayarwa:

«Ranar kasuwar Guéchémé ya zo da keken aro da takalmin aro, ya ce mini shi ne sakataren komanda mai mulkin gari. Ni kuwa na gan shi da idona a Dutsi yana sharar bakin biro, tsintsiya ta fi shi tsawo. Ban hwaɗa mishi ba. Na ce mai ƙarya da ƙoƙari haka ba zai bar ni da yunwa ba. Har yau Mushe bai san na sani ba.»

Rumfa ta fashe. Alhaji Dawaki ya riƙe ciki, liman yana share ido da bakin rawani. Malam Sanusi ya zo ya durƙusa ya ce in yafe masa, amma kafaɗunsa na rawa don dariya. Ni na tsaya da martabar da ta rage mini, wadda ba ta cika cokali ba. Na zaci nan aka tsaya. Sai Hadiza ta tambaye ni me ya sa abu ɗaya sau ɗari huɗu da wani abu, kopi, kopin kopi, kopin kopin kopi.

Na gyara murya, na yi musu bayanin kimiyya: cewa sauraro yana cinye murya, shi ya sa na ware iri. Na ba su misalin kaset ɗin uwata.

Wannan karon ba duka suka yi dariya ba. Matasa sun yi. Tsofaffin kuwa, waɗanda su ma rediyo ya taɓa cinye musu wani, ba su yi ba, har ɗaya ya gyaɗa kai yana cewa ai da gaskiyata. Hadiza ta ce, «Kaka, wannan ba ya cinyewa. Ko ka saurara har tashin ƙiyama haka zai zauna.» Na ce ban yarda ba sai na ji da kunnena. Ta kunna kopin da na fi wahalarwa, ta kunna IRI wanda ban taɓa ba tun ranar farko. Na rufe ido, na kasa kunne kamar mai sayen ƙwarya. Ko tarin bai canza ba. Har zakaran maƙwabta ya yi cara a wuri ɗaya.

Ta ɗauki IRI ta sa a disk D, wanda ashe wani ɗaki ne babba a cikin na'urar, wayam, ban taɓa sanin da shi ba. Ta sa wani a wayata, ta sa wani a kile, ɗan ƙarfen nan na ajiyar bayanai mai kamar ɗan yatsa. Ta nuna mini su ɗaya bayan ɗaya har na gamsu. Sannan ta zaɓi sauran duka, ta turo mini na'urar, ta ce ita ba za ta danna ba.

Na'ura ta sake yi mini tambayarta mai ladabi. Na daɗe da yatsa a sama. Na danna i. Hadiza ta zubar da kwandon, layi ya ja baya ya koma shuɗi, sunayen masu iri suka samu wuri, dattawa suka ce madalla. Ni kuwa abin da na tuna shi ne ranar da aka raba kayan ɗakinta, aka fitar da gado da kwalla da tukwane, na shiga na yi gyaran murya na ji bango ya amsa mini. Kowa ya ce ɗakin ya yi fili. Ban taɓa neman fili ba.

Yanzu kile ɗin yana wuyana a zare, inda mutanen zamanin da suke rataya laya. A kasuwa ba mai ce mini Sakatare kuma, daga mai nama har mai kabu-kabu Mushe suke kirana, ina amsawa, don sunan ya yi shekara biyu ba a kira shi ba. Darasin da na ɗauka, ga duk wanda disk ɗinsa ya yi ja: ka duba abin da ya fi nauyi kafin ka tsokani ƙananan takardu, ka zubar da kwando, kada kuma ka sa wa asirinka suna RAPOR. Muryar kam na yarda ba ta cinyewa. Mai sauraron ne ke cinyewa, kaɗan kaɗan, kullum bayan la'asar.

Duk da haka na yi kopi ɗaya, ɗaya tak, na ɓoye a disk D. Hadiza ta yi lekol, na sani. Amma ba ta taɓa zaro uwarta daga cikin rediyo da alƙalami ba.