Rasuwar Dattijo, Keken Ɗinkina, da Waɗanda Ake Zargi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yau ba ta gama gamsuwa da bayanin da aka yi mata ba, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, da dukan 'yan ƙungiyarmu ta masu aikin hannu, rasuwar keken ɗinkina, wanda aka fi sani da Dattijo. Ya rasu ranar Talata da hantsi a mazauninsa na gindin taga, bayan shekara arba'in da ɗaya a gidanmu. Abin da ya yi a duniya kafin mahaifiyata ta saye shi, shi kaɗai ya sani.

Marigayin baƙi ne mai nauyi, da zanen furanni ruwan zinariya waɗanda hannun mahaifiyata da nawa suka goge har suka kusa ɓacewa. Bai san wutar lantarki ba, bai kuma taɓa neman ta ba. Ƙafa yake so, sai ɗigon mai. In ya samu yadi mai laushi sai a ji shi tak-tak-tak-tak har bakin ƙofa. In aka kawo masa mai kauri ya sauke murya, dum-dum-dum, ya wuce ba gunaguni. Aibinsa ɗaya, ba ya jituwa da zaren arha. Yana jin sa zai tsinke shi, kat, ya tsaya yana kallon mutum.

Shi ya ɗinka kayan makarantar 'ya'yana huɗu, ya rage su, ya ƙara su, ya mayar da na babba na ƙarami. Da suka watse, shi ya raka ni ƙungiya. Mu bakwai ne, muna haɗuwa duk Asabar a garejin Injiniya, wanda bai taɓa zama injiniya ba, tsohon akawu ne da ya kamu da son ƙera kujeru. Kowa ya kawo abin da ya yi a mako, a jera a dogon tebur, a yaba, a kushe, a sha shayi. Dokarmu biyu ce. Ta farko, kayan aiki ba a hana aronsu. Ta biyu, ba a zubar da komai, ko ƙyalle, ko gwangwani, ko kwalbar da ta ƙare. Ta biyun ni na kawo ta, kuma ni na fi kowa tsare ta.

Ya bar allurai goma sha ɗaya, kwarkwaron zare shida, almakashi guda da suka tsufa tare, da wani tef ɗin awo da lambobinsa na farko suka goge. Ya kuma bar maraya, wato zanen gadon da nake haɗawa da guntayen zannuwan mahaifiyata, wanda ya tsaya a rabi, allura na cikinsa.

Game da rashin lafiyarsa, ga abin da na sani, mai karatu ya auna da kansa.

Wadda ta are shi ta ƙarshe ita ce Mai Jaka, aminiyata ta shekara ashirin da biyu, mai haɗa jakunkuna da guntayen fata. Ta ce shafin ciki kawai za ta ɗinka, yadi ne zalla, fata ba za ta kusance shi ba. Mu biyu muka ɗauki kan keken zuwa motarta, kamar yadda muka saba, don ba ya ɗaukuwa ga mutum ɗaya. Bayan mako biyu ta dawo da shi a goge tas, har da sabon bel. Wannan gogewar ita ta fara tsaya mini a rai. Wanda bai yi ɓarna ba, me zai sa ya yi ta goge-goge haka? Na ɗiga masa mai a kowace kafa, yadda nake yi duk lokacin da ya dawo daga baƙunta, na lulluɓe shi, na tafi wajen 'yata kwana goma da murata mai toshe hanci.

Da na dawo na zauna, na ɗora ƙafa, Dattijo ya ƙi motsi. Na lallashe shi da hannu, ya ce ƙiii, muryar da ban taɓa ji daga gare shi ba. Na ƙara nauyi. Na tashi tsaye na taka da duk ƙarfina. Ya ce ƙas. Ita ce maganarsa ta ƙarshe.

Asabar ɗin da ta biyo baya ban kawo komai tebur ba sai maganar da ke cikina. A gaban mutum shida na ce wa Mai Jaka fata ta ɗinka da shi, ta karya masa ƙashi, ta rufe laifinta da sabon bel. Na ce har gawa ta iya yi wa kwalliya. Ba ta yi musu ba, wanda a lokacin na ɗauka amsa laifi ne. Ta kwashe jakunkunanta biyu daga tebur, ta ajiye kofin shayinta a cike, ta fita. Asabar uku ke nan kujerarta ba kowa.

Mai gyara ya zo ya buɗe cikin marigayin, ya sa yatsa, ya shinshina. Ya ce shi bai ga alamar fata ba ko kaɗan. Abin da ya gani man sheƙin katako ne, irin wanda ake shafa wa kujera ya bushe ƙam, an ɗura shi a kowace kafa da kulawa, ba a tsallake ko ɗaya ba. Ya ce da an kira shi a lokacin, jiƙa shi kawai zai yi da kananzir ya tashi. Amma wani ya taka shi da ƙarfi har ƙarfen ciki ya tsage, irinsa kuwa an daina ƙerawa tun kafin a haife shi. Ya faɗi kalmar wani yana kallon ƙafata, abin da ban ji daɗinsa ba.

Nan take zargina ya koma kan Injiniya, don duk ƙungiya shi ke da wannan man, kuma ya daɗe yana yaba ƙafafun ƙarfen keken da wani irin kallo. Da na tunkare shi, sai ya tuna mini cewa wata huɗu da suka wuce na roƙe shi kaɗan don in shafa wa teburin Dattijo, na kuma zo da kwalbata, tsohuwar kwalbar man keke mai dogon baki, na ce zubar da ita asara ce. Na ce ban tuna ba. Ya ce shi ya tuna.

A kan tagata akwai kwalba biyu, tsayi ɗaya, baki ɗaya, ruwan ciki launi ɗaya. Babu wadda aka rubuta wa komai.

Maigidana ya ce yana zaune ranar da na ɗiga wa keken mai, warin ya kai masa har kujerarsa, ya kuma yi mamaki. Na tambaye shi abin da ya hana shi magana. Ya ce shekara talatin ke nan da na hana shi sa baki a harkar keken nan, shi kuma mutum ne mai bin doka. Wannan amsa ina nan ina nazarinta. Haka kuma ban cire rai ba cewa wani ya sauya wa kwalaben wuri, don ta man keke kullum a dama take. Sai dai na bi gidan ɗaki ɗaki ina neman mai hannu a ciki, kuma duk inda na bi, gaban tagar nan nake dawowa. Abin yana yi mini ciwo, ba na keken kaɗai ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a garejin Injiniya. Bisa doka ta biyu, ba za a binne komai ba. Ƙafafun ƙarfen Injiniya zai ɗora musu katako su zama teburin baje kaya, burinsa ya cika, ina kuma lura da shi. Aljihun teburin zai koma wajen mai saƙar ƙungiyarmu ta zuba allurai. Kan marigayin za a ɗora shi a bisa kantar garejin ta sama, inda zai riƙa ganin aikin kowa. Masu ta'aziyya su zo da alƙalami da takarda mai manne, za a rubuta wa kowace kwalba sunanta kafin a sha shayi. Ba a buƙatar jawabi daga maigidana.

Saura ɗaukar gawa. Kan Dattijo ba ya ɗaukuwa ga mutum ɗaya, kuma shekara ashirin da biyu mutum ɗaya ce ke kama mini ɗaya gefen. Ban nemi kowa ba, ba kuma zan nema ba. Daga ƙarfe tara zan zauna a bakin ƙofata da shi a naɗe, kwalaben nan biyu a gefena, da wata magana da na faɗa a gaban mutum shida wadda nake so in janye a gabansu. Duk wanda wannan sanarwa ta isa gare shi ya kai wa Mai Jaka. In ba ta zo ba, a sha shayi kawai a watse, don Dattijo ba zai halarci jana'izarsa ba.