Idon Sa da Ƙwan Tocila

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi niyyar kunna fitila da idon sa, wato bijimi. Lokacin ina koyon aikin malanta a wata sakandare, ba a daɗe da fara kiran garinmu Suleja ba. A ranar ne Madam, wata Bayarabiya mai duba malamai, za ta zauna a ajina ta yanke hukunci: ko in samu takardar malanta, ko in maimaita shekara.

Darasin a kan ido ne. Na karanta cewa can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani cike da ƙananan jijiyoyi, wasu kamar sanduna, wasu masu tsini, kuma haske na taɓa su sai su aika wa ƙwaƙwalwa saƙo da lantarki. Ina ganin kalmar lantarki zama ya gagare ni. (Ni dama can haka nake, ƙafata kan riga kaina isa wuri.) Na ruga kasuwa wajen wani tsohon mahauci, na ce ya sayar min idon sa guda ɗaya.

"Malam, farfesu za a yi da ido ɗaya?" in ji shi.

"Wuta zan fitar daga ciki, Baba."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya naɗe min shi a ganye.

A aji na kasa tsayawa wuri guda. Na zana, na goge, na karya alli biyu. Daga nan na cire ƙwan tocilata, na ɗaura masa waya, na soka a bayan idon, na ce kowa ya matso. Na sa aka buɗe tagogi don haske ya shiga. Ƙwan tocila bai kama ba. Na juya idon wajen rana. Shiru. Na matsa shi, wani baƙin ruwa ya tsarto min a farar riga, gumi kuwa har cikin takalmi.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu cikin ladabi. "Malam, ko dama san makaho ne?"

Madam ba ta yi dariya ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Malam, yaushe an yanka saniya ɗin nan?"

"Da safe, Madam."

"Ya mutu ke nan. Buɗe littafi, karanta wa yara shafi na gaba."

Da bakina na karanta cewa lantarkin nan ƙanƙani ne ƙwarai, sai da na'ura ta musamman ake gane shi, kuma a ido mai rai kaɗai. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Ba ta kayar da ni ba, amma sai da na maimaita darasin bayan mako guda, a gaban yaran da suka riga suka raɗa min Malam Lantarki. Tun daga ranar, duk abin da zan nuna wa jama'a sai na fara gwada shi a ɗaki, ƙofa a kulle.